Mun yi addu'a, mun yi azumi, duk da haka ya rasu: wane bege ne ya rage mini?

Tambaya: "Baba Fasto, ina gaisuwa. Maigidana ya yi jinya shekara biyu. Mun yi addu'a, mun yi azumi, har wani bawan Allah ya ɗora masa hannu ya ce Ubangiji ya nuna masa zai warke sarai. Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Yau wata bakwai ke nan da rasuwarsa, ya bar ni da yara uku. Tun daga lokacin bakina ya mutu wajen addu'a. In na durƙusa sai hawaye kawai. Wasu suna ce mini in sa bege ga Allah, wata kuma ta ce da bangaskiyarmu ta kai da bai tafi ba. To ai begen na sa, ya karye. Wane irin bege kuma zan sa wanda ba zai sake karyewa ba? Ko kuwa na riga na fita daga bangaskiya ne ban sani ba?"

'Yar'uwa, ina yi miki ta'aziyya, ke da yaran nan uku. Ubangiji ya ta'azantar da ku. Na karanta wasiƙarki fiye da sau ɗaya, kuma a ganina tambayoyi uku ne a ƙulle cikinta: ko laifinki ne maigida ya tafi, ko akwai begen da ya fi wanda ya karye ƙarfi, da kuma ko rashin iya addu'a yana nufin kin rabu da Allah. Zan bi su a wannan jeri, domin muddin ta farko tana ci miki tuwo a ƙwarya, amsar sauran biyun ba za ta samu wurin zama a zuciyarki ba.

Kafin nan, bari in tsaya kaɗan a kan kalmar kanta. Fassarorin Littafi Mai Tsarki na Hausa wani wuri suna cewa "bege", wani wuri kuma "sa zuciya", alhali a maganarmu ta yau da kullum muna cakuɗa waɗannan da "fata" da "tsammani" kamar duk abu ɗaya ne. Fata shi ne abin da kike so ya faru, tsammani kuwa abin da kike ganin zai faru bisa alamun da ke gabanki. Dukansu halal ne, amma dukansu suna iya rushewa da safe ɗaya. Ɗaya daga cikin kalmomin da Tsohon Alkawari ya fi amfani da su a Ibrananci ita ce "tikwa", wadda kuma take da ma'anar igiya. Ita ce kalmar da aka yi amfani da ita a Joshuwa 2:18 don jar igiyar da Rahab ta ɗaura a tagarta a Yariko. Wannan hoton yana taimakona sosai wajen ba da shawara, domin ƙarfin igiya bai isa ya riƙe mutum ba sai an duba abin da aka ɗaure ta a jiki. Kin ja igiyarki da dukkan ƙarfinki shekara biyu, ban kuwa ga kasawa a wajenki ba. Abin da ya kamata mu duba shi ne turken da aka ɗaura miki ita.

Maganar "da bangaskiyarku ta kai"

Wannan magana ba daidai ba ce, kuma ba don in faranta miki rai na faɗi haka ba. Ki buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. A farkon surar sarki Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. 'Yan ayoyi kaɗan bayan haka mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku ana tsakiyar yi masa addu'a. Ikkilisiya ɗaya ce, birni ɗaya, sarki ɗaya, manzanni biyu daga cikin ukun da suka fi kusa da Yesu. Luka bai ce bangaskiyar Yakubu ta gaza ba. Abin ban dariya ma, masu yi wa Bitrus addu'a, da baranya Roda ta ce musu ga shi nan a bakin ƙofa, sai suka ce mata ta haukace. Wannan ita ce bangaskiyar da aka amsa wa addu'a a daren.

Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi (2 Korantiyawa 12:7-9). Shi ne kuma ya rubuta cewa ya bar abokin aikinsa Tarofimas a Militus ba shi da lafiya. Ibraniyawa 11, surar da muke kira jerin jaruman bangaskiya, ta ambaci waɗanda suka rufe bakin zakoki suka tsere wa kaifin takobi, sai daga aya ta 35 ta juya ga waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, aka kashe da takobi, sannan ta ce dukansu an yi musu kyakkyawar shaida saboda bangaskiyarsu. Abokan Ayuba su ne suka kafa hujjar cewa masifa ma'aunin laifin mutum ce, kuma a ƙarshen littafin (42:7) su Allah ya yi wa fushi, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Matar da ta faɗa miki maganar nan wataƙila ba mugunta ta nufa ba. A iya abin da na gani, masu irin wannan magana tsoro ne yake sa su, domin in har akwai wani abu da kika kasa yi, to su in sun yi shi, suna ganin mutuwa ba za ta shiga gidansu ba.

Sai annabcin da aka yi muku. A nan ne na fi son ki natsu, don ina ganin nan ne ainihin gyambon yake. A shekara ta huɗu ta sarautar Zadakiya sarkin Yahuza, bayan Babilawa sun riga sun kwashe kashin farko na mutanen Yahuza a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, wani annabi mai suna Hananiya ya tsaya a Haikali a gaban firistoci da jama'a ya ce cikin shekara biyu Ubangiji zai karya karkiyar sarkin Babila, a dawo da kayan Haikali da dukan waɗanda aka kai bauta. Har ya cire karkiyar itacen da annabi Irmiya ya rataya a wuyansa don alamar bauta wa Babila, ya karya ta a idon kowa. Amsar Irmiya ta farko tana taɓa zuciyata: cewa ya yi amin, Ubangiji ya sa haka. Shi ma yana so maganar ta zama gaskiya. Amma saƙon da aka ba shi daban ne, shi ne ya rubuta wa 'yan bauta cewa su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar birnin da aka kai su, domin zaman na shekara 70 ne. A cikin wasiƙar nan ce ayar da kowa ya haddace take, Irmiya 29:11, wadda ta ce shirin Allah na alheri ne, zai ba su makoma da bege. Ki lissafa: yawancin dattawan da suka saurari karatun wasiƙar a Babila aka binne su. Alkawarin gaskiya ne, an kuwa cika shi, amma bai yi daidai da lokacin da suke fata ba.

Ba ni da ikon shiga zuciyar bawan Allahn da ya ɗora wa maigidanki hannu, kuma ba na kiransa maƙaryaci; mai yiwuwa ƙauna da tausayi ne suka rinjaye shi har ya ɗauki muradinsa a matsayin muryar Ubangiji. Amma Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ba da ma'auni a fili: idan annabi ya yi magana da sunan Ubangiji abin bai faru ba, to ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Saboda haka abin da ya karye a hannunki maganar ɗan adam ce. Allah bai yi miki alkawarin da ya saɓa ba, ko da yake na san a zuciya zafin iri ɗaya ne.

Turken da ba ya tumɓukewa

Akwai wanda ya riga ki faɗin "begena ya ƙare", kuma maganarsa tana cikin Littafi Mai Tsarki. Littafin Makoki an rubuta shi ne a kan kangon Urushalima bayan sojojin Nebukadnezzar sun ƙone ta wajen shekara ta 587 kafin haihuwar Almasihu. Surori huɗu na farko an tsara su bisa jerin haruffan Ibrananci 22, kamar mai kukan yana so ya bi baƙin cikinsa daga harafin farko zuwa na ƙarshe ba tare da ya tsallake komai ba. A sura ta 3 aya ta 18 ya ce ƙarfinsa ya ƙare, haka ma begensa ga Ubangiji. Aya uku kacal bayan haka ya ce akwai abin da ya tuno, saboda shi ne yake da bege: ƙaunar Ubangiji ba ta ƙarewa, jinƙansa sabo ne kowace safiya, amincinsa mai girma ne. Tsakanin aya ta 18 da ta 21 ba a sake gina garun birnin ba, ba wanda ya dawo daga bauta, ba mamacin da ya tashi. Abin da ya sauya shi ne inda ya ɗaura igiyarsa. Da tana ɗaure da birni da Haikali da sarauta, yanzu ya ɗaura ta ga halin Allah da kansa. Littafin ma bai ƙare da murna ba. Ayarsa ta ƙarshe tana tambaya ne ko Allah ya ƙi su ɗungum. Bege da ciwo suna zaune a shafi ɗaya, ba wanda ya kori wani.

Mu da muke bayan gicciye muna da abin da marubucin Makoki bai gani ba. Bitrus ya ce an sake haifarmu zuwa ga rayayyen bege ta wurin tashin Yesu Almasihu daga matattu (1 Bitrus 1:3). Bulus ya fi shi zafafawa a 1 Korantiyawa 15: ya ambaci shaidun tashin da sunayensu, har da 'yan'uwa fiye da 500 da suka gan shi lokaci ɗaya, sannan ya ce in Almasihu bai tashi ba bangaskiyarmu banza ce, in kuma don rayuwar duniyar nan kaɗai muka sa bege gare shi, mun fi kowa zama abin tausayi. Begen Kirista yana rataye ne a kan abin da ya riga ya faru, shi ya sa labarin da likita zai kawo gobe ba zai iya warware shi ba. Mukan ce komai nisan dare gari zai waye, magana ce mai daɗi kuma sau da yawa gaskiya ce, amma ke kin ga daren da gari bai waye wa maigidanki a wannan duniya ba. Bishara ta wuce karin maganar nan, domin ta ce kabarin ma ba shi ne ƙarshen zancen ba.

Ki tuna da almajirai biyun da ke kan hanyar Imuwasu a Luka 24. Suka ce wa baƙon da ya riske su, da muna sa zuciya shi ne zai fanshi Isra'ila. Maganarki ke nan sak: begen na sa, ya karye. Suna faɗar ta kuwa ga Yesu da kansa, rayayye, yana tafe tare da su ba su gane shi ba. Bai bar su a hanya don sun karaya ba. Ya yi musu faɗa kaɗan, ya buɗe musu Littattafai, ya bi su har masauki.

Wannan bai hana kuka ba. Bulus bai ce wa Tasalonikawa kada su yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kada su yi irin na waɗanda ba su da bege (1 Tasalonikawa 4:13). Yesu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci kaɗan.

Bakin da ya mutu wajen addu'a

Kin ce in kin durƙusa sai hawaye. Ni abin da na fara gani a jimlar nan shi ne har yanzu kina durƙusawa. Wanda ya fita daga bangaskiya ba ya kwana yana tunanin ko ya fita. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a kamar yadda ya kamata ba, amma Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da baki ba ya iya furtawa. Kusan sulusin waƙoƙi 150 da ke littafin Zabura kuka ne da ƙorafi. Zabura 13 ta tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a jere. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, ba ko ayar yabo a ƙarshenta, duk da haka an sa ta cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Na'omi, gwauruwa kamarki, da ta koma Baitalami bayan ta binne miji da 'ya'ya biyu a Mowab, ta ce kada a ƙara kiranta Na'omi, a kira ta Mara, domin Maɗaukaki ya sa ta sha ɗaci. Ba inda aka tsauta mata a kan wannan magana.

Zan gaya miki kuskurena. A shekarun farko na hidimata na je gaishe da wani magidanci da ɗansa ya rasu, ina zama na buɗe Romawa 8:28 na karanta masa cewa dukan abubuwa suna aiki tare don alherin masu ƙaunar Allah. Bai ce komai ba. Ya miƙa hannu a hankali ya rufe littafin a kan cinyata, ya bar tafinsa a kan bangon na ɗan lokaci, yana kallon takalman yaron da ke ajiye a bakin ƙofa. Ayar gaskiya ce, har gobe ina wa'azinta, amma na ba da ita ne don in kuɓuta daga shirun da ya yi mini nauyi. Abokan Ayuba sun fi ni hikima a kwana bakwai na farko, da suka zauna tare da shi a ƙasa ba wanda ya buɗe baki. Bayan wata da watanni mutumin nan da kansa ya kawo mini zancen ayar, a lokacin da ya shirya.

Abin da nake ba masu irin halinki shawara mai sauƙi ne. Kada ki tilasta wa kanki doguwar addu'a. Ki ɗauki Zabura ɗaya, 13 ko 42 ko 88, ki karanta ta a bayyane sau ɗaya a rana, ki bar ta ta yi magana a madadinki. In ranar ta yi nauyi, maganar mutumin da ya kawo ɗansa marar lafiya wurin Yesu a Markus 9:24 ta isa, wanda ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa. Sannan ki zaɓi mutum ɗaya ko biyu cikin ikkilisiya, waɗanda suka iya riƙe sirri kuma ba su da saurin wa'azi, ki gaya musu a fili cewa ba kya iya addu'a, su yi miki. A Markus 2 mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu, kuma nassin ya ce bangaskiyarsu ya gani. Akwai lokacin da mai bi yakan zama wanda ake ɗauka, ba abin kunya ba ne.

Gonar Anatot

Yadda bege yake kasancewa a aikace, babu inda na fi ganinsa kamar Irmiya 32. A shekara ta goma ta Zadakiya, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, Irmiya kuma yana tsare a filin matsara na fadar sarki. Sai ga Hanamel ɗan baffansa ya zo yana tallar gona a Anatot, ƙasar da kowa ya san ta kusa faɗawa hannun abokan gaba. Irmiya ya auna masa shekel 17 na azurfa, ya sa hannu a takarda, ya buga hatimi, ya kira shaidu, ya miƙa wa magatakardansa Baruk takardun ya ce a sa su cikin tulun ƙasa don su daɗe, gama za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, bayan ya gama cinikin sai ya juya ga Allah yana cewa, ga mahaurai, wato tudun da abokan gaba za su hau, an gina a jikin garu, birni ya kusa faɗuwa, kai kuma ka ce in sayi gona. Ya yi biyayya tukuna, tambayar kuma tana nan a bakinsa.

Gonarki ta Anatot tana cikin gidanki. Tashi da safe ki shirya yara su tafi makaranta, neman takardun da suka shafi haƙƙinku ki adana su, komawa sujada ko da a kujerar baya za ki zauna ki fita kafin a tashi, duk waɗannan ayyuka ne na mai sa ran akwai gobe, ko da zuciya ba ta ji komai ba. A cikin shekarun da na yi ina zama da masu makoki, ban cika ganin wanda jin bege ya fara dawo masa kafin aikinsa ba. Yawanci ƙafa ce take gaba, zuciya ta biyo daga baya, wani lokaci da tazara mai yawa.

Inda shawarata ta tsaya

Ba zan iya gaya miki dalilin da ya sa aka fitar da Bitrus aka bar Yakubu ba, ko dalilin da ya sa maigidanki ya tafi a wannan lokaci. Ayuba ma da Allah ya yi masa magana daga cikin guguwa ba a faɗa masa dalili ba. Duk wanda ya zo miki da cikakken bayani a kan wannan, ki saurare shi da hattara.

Kuma ni mai kiwon ikkilisiya ne, ba likita ba, ta wasiƙa ɗaya kawai na san ki. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wata bakwai ba dogon lokaci ba ne a makoki, musamman bayan shekara biyu na jinya da suka riga suka cinye ƙarfinki. Amma idan barci ya ƙaurace miki makonni a jere, ko ba kya iya cin abinci, ko kula da yaran ya gagare ki, ki ga likita ko ƙwararren mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Idan kuwa tunanin raba kanki da rai ya taɓa zuwa miki, ki gaya wa wani na kusa a ranar, ki nemi taimakon asibiti ba tare da jinkiri ba. Wannan ba ya cin karo da bangaskiya. Lokacin da Iliya ya kwanta a gindin itace a jeji ya roƙi mutuwa (1 Sarakuna 19), mala'ika ya fara ne da ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashinsa ya ci. Magana ba ta zo ba sai bayan tafiyar kwana 40, a Horeb.

Abu na ƙarshe game da yaran. In suna gida lokacin da aka yi annabcin nan, su ma sun ji shi, kuma mai yiwuwa babban cikinsu yana ɗauke da tambayarki a ransa bai faɗa ba. Ki gaya musu gaskiya daidai da shekarunsu: mutumin ya yi kuskure, ba laifin kowa ba ne a gidan, babansu yana hannun Almasihu, kuma ba komai in sun yi kuka ko sun yi fushi. In kin ga ba za ki iya kaɗai ba, ki roƙi fastonku ko wata dattijuwa da suka saba da ita ta zauna tare da ku ranar da za ki yi musu maganar.